Haƙoran Roba Masu Dogaro da Dashe: Jagora ga Sababbin Hannu

Duk wanda ya daɗe yana aikin haƙori a cikin birnin Kano ya san irin bakin da ya fi zuwa gabansa. Dattijo ne ko dattijuwa daga Yakasai, Mandawari ko Jakara, haƙoran gaba na ƙasa suna nan daram tun daga fiƙa zuwa fiƙa, wani lokaci har da ƙaramin turmi ɗaya ko biyu, amma manyan turamen baya duk sun tafi. An cire su ɗaya bayan ɗaya, duk lokacin da ciwo ya hana barci. Irin wannan giɓi da ba shi da haƙori a bayansa shi ne Edward Kennedy ya sa a rukuni na ɗaya cikin rabe-rabensa na 1925 idan ya shafi gefe biyu, rukuni na biyu kuwa idan gefe guda ne. Shi ne giɓin da ya fi wahalar da likita da mai haɗa haƙori, domin haƙorin robar da aka yi masa yakan nutse a baya, ya ɗaga a gaba, ya ci dasashi, a ƙarshe ya koma cikin kofi a kan taga.

Maganin da ya fi dacewa da aljihun mutanenmu shi ne a dasa ƙusar titaniyam ɗaya a kowane gefe, haƙorin roba ya zauna a kanta, maimakon ƙusoshi huɗu ko fiye da kafaffen haƙori ke buƙata. Aikin yana da kyau ƙwarai idan an iya shi. Sai dai ina ta ganin ayyukan matasan abokan aiki suna dawowa da matsala iri ɗaya: roba ta tsage a kan ƙusa, maɓalli ya cinye cikin 'yan watanni, ko haƙorin da ƙugiya ke riƙe da shi ya fara girgiɗi. Tushen matsalar kuma ɗaya ne. Ana dasa ƙusar inda aka ga ƙashi, sannan daga baya a fara tunanin haƙorin da zai hau kanta. Tsarin haƙorin ne ya kamata ya faɗi inda ƙusa za ta zauna da irin aikin da za ta yi. Don haka na rubuta wannan jagora.

Kayan da ake buƙata

- Hoton ƙashin muƙamuƙi baki ɗaya, da hoton CBCT na wurin da za a yi dashe.
- Aljinet don awon farko, da silikon da faranti na musamman don awon ƙarshe.
- Garin zubi mai tauri, da na'urar da ake ɗora zubin sama da na ƙasa don ganin cizo.
- Na'urar safiyo ta haƙori, tare da ma'aunin lungu na milimita 0.25 da na 0.5. Wanda ba shi da ita kada ya fara wannan aiki.
- Ƙusar dashe, da murfin warkewa, da maɓallan riƙo irin su Locator ko mai kan ƙwallo, da robobinsu na canji.
- Sifana mai auna ƙarfin ɗauri.
- Ɗakin haɗa haƙori da zai iya narka ƙarfen kobal-kurom, wanda ke buƙatar zafin da ya kai wajen digiri 1400, wato wurin da ke da tsayayyiyar wuta ko janareta mai ƙarfi.

1. Fahimci abubuwa uku da za su ɗauki nauyin tauna

Kafin ka taɓa bakin kowa, wannan lissafi ya zauna maka a kai. Haƙori na asali yana rataye ne a cikin raminsa da wasu siraran zaruruwa, saboda haka idan an danna shi yakan nutse tsakanin maikiron 25 zuwa 100. Ƙusar dashe ba ta da waɗannan zaruruwa. Ƙashi ne ke manne mata kai tsaye, abin da Per-Ingvar Brånemark na Suwidin ya lura da shi a ƙashin zomo a 1952, ya kuma fara amfani da shi a bakin mutum a 1965. Motsinta bai wuce maikiron 3 zuwa 5 ba. Dasashi kuwa laushi gare shi, yakan lotsa rabin milimita ko ma fiye. To ga haƙori guda na roba da ka ɗora a kan abubuwa uku da ba sa motsi daidai da juna. Wanda ya fi tauri shi zai fara karɓar nauyi, kuma shi ne ƙusar.

Ka tuna da bencin ƙofar gida: idan mutum ya zauna can ƙarshe, bayan ƙafar bencin, ɗaya gefen sai ya tashi sama. Haƙorin roba marar dashe haka yake. Madogarin da ke kan haƙori na ƙarshe shi ne ƙafar bencin, tauna ita ce mai zama, ƙugiyar da ke gaba kuma ita ce ke tashi tana finciko haƙorin da ta kama. Amfanin dashe shi ne ka ƙara wa bencin ƙafa a can ƙarshe, giɓin rukuni na ɗaya ya koma aiki kamar na rukuni na uku, mai matokari gaba da baya. Idan ka dasa ƙusar a tsakiya ka bar doguwar jela a bayanta, ba ka kawar da juyin ba, ka mayar da shi kan ƙusar ne.

2. Zaɓen majiyyaci

Ciwon suga ya yi yawa a cikin dattawanmu, kuma da yawa ba su san suna da shi ba. A yi gwajin HbA1c. Idan ya haura 8 cikin ɗari, a mayar da mutum wurin likitansa tukuna, domin rauni ba ya warkewa da kyau a irin wannan jiki. A tambayi shan taba da shisha ba tare da kunya ba, a tambayi tsofaffin mata ko suna shan maganin ƙarfafa ƙashi na dangin bisfosfonet. Ciwon dasashin da ke jikin sauran haƙora dole a warkar da shi kafin komai, don ƙwayoyin cutar da suka ci ƙashin haƙori su ne za su koma kan ƙusar.

Akwai tambayar da littattafan waje ba sa yi, amma a nan ita ce kan gaba: "Baba, me ka fi taunawa?" Mai cin goro tun safe har dare, mai son kilishi da aya da rake, nauyin da yake ɗora wa turamensa ba ɗaya ba ne da na mai tuwo da kunu. Dubi sauran haƙoransa. Idan sun cinye sun yi sumul, tsara aikinka da ƙarfe mai kauri da roba mai kauri. Dubi hannuwansa kuma. Tsohuwar da yatsunta ke karkarwa ba za ta iya ɓalle maɓalli mai ƙarfi ba.

3. Jera haƙoran gwaji kafin a yanke shawarar dashe

Ɗauki awon aljinet ka zuba shi nan take, cikin kwata na awa. A lokacin hunturu iskar Kano takan tsotse ruwan aljinet tun kana wanke hannu, ya motse, zubin ya fito ba daidai ba. A watan Afrilu kuwa zafi kan sa ya daskare kafin ka kai shi baki, saboda haka a kwaɓa da ruwan sanyi.

Ɗora zubin sama da na ƙasa bisa cizon majiyyaci, ka jera haƙoran gwaji a kan kakin zuma. A nan ne za ka auna sarari. Maɓallin Locator yana buƙatar wajen milimita 8.5 daga saman ƙashi zuwa saman haƙori, mai kan ƙwallo kuma milimita 10 zuwa 12. Sau da yawa turamen sama sun riga sun zazzago cikin giɓin saboda shekarun da suka yi babu abokin karo, har sarari ya ƙare. Idan ba ka gano haka yanzu ba, za ka gano shi ranar da ƙarfen maɓalli ya leƙo ta cikin roba. Daga wannan jerin gwaji ake yin farantin jagora da mai dashe zai huda ta cikinsa.

4. Safiyo da hanyar shiga

Haƙorin roba mai firam ɗin ƙarfe hanya ɗaya tak yake da ita ta shiga da fita. Na'urar safiyo ce ke nuna maka ita. Karkata zubin har gefunan haƙoran da ke fuskantar giɓi su zo kusan layi ɗaya, ka sa alama uku a jikin zubin don a iya mayar da shi yadda yake. Wannan layi shi ne ƙusar za ta bi. Maɓallin Locator na yau da kullum yakan jure karkata har digiri 10 ga kowace ƙusa, akwai kuma robobi na musamman da ke kaiwa digiri 20, amma kada ka ɗauki wannan a matsayin izini. Duk karkatar da ka bari, robar maɓalli ce za ta biya kuɗinta a kowace cirewa da sawa.

5. Ina za a dasa ƙusar, kuma wane aiki za ta yi

Wannan shi ne zuciyar tsarin. Ƙusa aiki biyu take iya yi: tokara, wato hana haƙorin nutsewa, da riƙo, wato hana shi tashi. Dole ka zaɓi wanda ka fi buƙata.

Idan tokara kake nema, kai ta baya, wurin babban turmi na farko ko na biyu. A ganina wurin turmi na farko ya fi a yawancin bakunan da muke gani. Nan ne tsakiyar ƙarfin tauna, ƙashin ya fi na can baya, kuma idan Allah ya hore wa mutum daga baya ya so kafaffen haƙori, ƙusar tana wurin da za ta yi amfani. Abin da ya rage shi ne ka tsayar da jerin haƙora a kan ƙusar, kada ka wuce ta.

Idan kuwa damuwar Hajiya ita ce ƙugiyar ƙarfe da ke bayyana a kan fiƙa idan ta yi murmushi, ana iya dasa ƙusar kusa da haƙori na ƙarshe, maɓalli ya maye gurbin ƙugiya. Amma ka san abin da ka saya. Jelar baya tana nan, har yanzu dasashi ne ke ɗauke da ita, saboda haka maɓallin dole ya zama mai sassauci, mai barin ɗan juyi, kuma gindin roba ya yi faɗi sosai.

Akwai hanya ta uku da matasa ke rainawa, alhali ta fi kowacce arha da sauƙin kulawa: a bar gajeren murfin warkewa mai zagayen kai a kan ƙusar, gindin haƙorin ya zauna a samansa kawai. Babu riƙo, tokara ce zalla, ƙugiyoyi su yi nasu aikin a gaba. Nauyi yana sauka a tsaye, babu robar da za a riƙa canzawa. Ga mutumin da zai koma ƙauye ba ka san ranar dawowarsa ba, wannan ita ce shawarar da nake bayarwa.

Ƙashin baya na muƙamuƙin ƙasa ba ya jiran kowa. Binciken Schropp da abokan aikinsa na 2003 ya nuna faɗin ƙashi yakan ragu da kusan rabi cikin shekara guda bayan cire haƙori, kuma tun 1972 Tallgren ta nuna muƙamuƙin ƙasa ya ninka na sama wajen sau huɗu a saurin zaizayewa. Shi ya sa gajeruwar ƙusa mai tsawon milimita 6 zuwa 8 take da amfani a nan, tunda ba ita kaɗai ke ɗauke da nauyin ba.

6. Ranar dashe

Haɗura uku ne a muƙamuƙin ƙasa. Jijiyar da ke ratsa cikin ƙashi: a bar mata tazarar milimita 2, in ba haka ba leɓen mutum ya mutu, wataƙila har abada. Ramin da jijiyar ke fitowa kusa da ƙananan turame. Sai kuma lungun da ke ta gefen harshe ƙarƙashin manyan turame, wanda hoton fili ba ya nunawa. Huda shi na iya jawo zubar jini a ƙarƙashin harshe har ya toshe numfashi. A sama kuwa kogon iska na kumatu ne abin kiyayewa. Wanda ba shi da CBCT ya tura majiyyaci inda ake yi, wanda kuma hannunsa bai nuna a tiyata ba ya miƙa wannan mataki ga manyan asibitoci irin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Babu faɗuwa a cikin hakan.

A bar milimita 1.5 tsakanin ƙusa da saiwar haƙori. A huda a hankali da ruwan gishiri mai sanyi yana kwarara, domin Eriksson da Albrektsson sun nuna a 1983 cewa zafin digiri 47 na minti ɗaya ya isa ya kashe ƙashi, matacce kuma ba ya manne wa titaniyam. Bayan an gama, a rarake tsohon haƙorin roba a daidai wurin, kada ya taɓa ƙusar. A jira wata uku a ƙasa, a sama kuma a ƙara haƙuri, musamman idan ƙashin mai taushi ne.

7. Firam ɗin ƙarfe: dashe bai soke ƙa'ida ko ɗaya ba

Kuskuren da ya fi ɓata mini rai shi ne a ce tunda akwai dashe, sai a yi haƙorin da roba zalla, babu madogari, babu firam. Irin wannan yana lanƙwasa a kowace tauna, kuma wurin da ya fi siranta shi ne daidai kan maɓalli. Nan yake karyewa.

Tsara firam ɗin tamkar babu ƙusa a bakin. Gada mai haɗa gefe biyu ta zama mai tauri, don ita ce ke raba nauyi tsakanin dama da hagu. Sandar bayan haƙoran ƙasa tana buƙatar milimita 8 daga bakin dasashi zuwa ƙasan baki. Idan babu, a yi faranti. Gurbin madogari a fafe shi kamar cokali, da sararin milimita 1.5 a gefen haƙori, gindinsa ya gangara zuwa tsakiya don nauyi ya bi tsayin saiwa. A kan haƙorin da ke maƙwabtaka da giɓi, tsarin da Kratochvil ya kawo a 1963, Krol ya gyara a 1973, har yau shi ne abin dogaro: madogari a gefen gaba, faranti a gefen giɓi, da siririyar ƙugiya mai tasowa daga dasashi, wadda ke sakin haƙori idan gindi ya nutse maimakon ta murɗa shi. Ƙugiyar zubin kobal-kurom lungun milimita 0.25 take shiga, ta waya kuma 0.5. Kada a manta da madogari na can gaba mai hana baya tashi idan an ci abu mai danƙo.

A kewaye wurin maɓalli da zoben ƙarfe, a bar taga a tsakiya, a tabbatar robar da za ta rufe shi ta kai kaurin milimita 2. Dalilin wannan tsanani shi ne ƙusa na iya faɗuwa. Idan hakan ta faru, sai a cike gurbinta da roba, mutum ya ci gaba da amfani da haƙorinsa.

8. Gindi, cizo da dafa roba

Gindin roba ya rufe faffaɗan ƙashin da ke gefen kumatu, ya hau kan tudun naman da ke can bayan turmi na ƙarshe. Bayan an gwada firam, a sake awon wurin giɓin kaɗai a gyara zubin, ana riƙe da firam ta wurin madogaransa, ba a danna gindin ba.

Haƙoran da za a jera su zama masu ƙaramin faɗi, marasa tsinin kai. Faffaɗan turmi yana buƙatar ƙarin ƙarfi kafin ya ratsa nama, tsini kuma yana tura haƙorin gefe, ƙusa kuwa babu abin da ta ƙi jini kamar turin gefe. Idan a sama cikakken haƙorin roba ne, a rage karon haƙoran gaba, don gudun zaizayar ƙashin gaba na sama da Kelly ya bayyana a 1972.

Wajen dafa akirilik, gaggawar tsoron ɗauke wuta takan sa a jefa shi cikin tafasasshen ruwa kai tsaye. Ruwan haɗinsa yana tafasa a digiri 100.8, ya bar ƙananan ramuka a cikin roba mai kauri. A dafa a digiri 74 na awa 8, ko awa 2 sannan a tafasa awa 1.

9. Haɗa maɓalli a cikin baki

Na fi son a yi wannan a baki, ba a kan zubi ba. Zaɓi ginshiƙin maɓalli mafi gajarta da zai leƙo saman dasashi, domin duk ƙarin tsawo ƙarin ƙarfin murɗa ne a wuyan ƙusa. Ɗaure shi da sifana gwargwadon abin da kamfanin ya rubuta. Saka farin zoben kariya a gindinsa, ka toshe duk wani lungu. Wanda ya taɓa ganin roba ta kwarara ƙarƙashin maɓalli ta daskare, haƙori ya ƙi fita, majiyyaci na zufa ana yanka robar a bakinsa, ba ya sake mantawa da wannan zobe.

Rarake gurbin har haƙorin ya zauna ba tare da ya taɓa hular ƙarfen ba, ka huda ƙaramar kafa ta gefen harshe don rarar roba ta fita. Zuba kaɗan, ka zaunar, ka ɗora yatsunka a kan madogaran firam. Kada ka ce wa mutum ya cije da ƙarfi. Idan ya cije, dasashi zai lotsa, roba ta daskare a haka, kuma da zarar ya saki, naman zai riƙa tura haƙorin sama yana kokawa da maɓalli dare da rana. Fara da roba mafi sauƙin riƙo, shuɗiya a tsarin Locator na yau da kullum. Ana iya ƙara ƙarfi daga baya.

10. Koyarwa da bibiya

Zaunar da majiyyaci gaban madubi ya sa, ya cire da hannunsa, har ka gamsu. Da yatsa ake dannawa, ba da cizo ba, don cizo ke lalata robar maɓalli. A cire da dare a sa cikin ruwa mai tsabta. Ban da ruwan zafi, ban da gawayi ko toka. Asuwaki ya ci gaba da aikinsa a kan haƙoran asali, amma kewayen ƙusa sai buroshi mai laushi. Goro a fasa shi ƙanana kafin a kai baki.

Ba shi kati mai ɗauke da sunan kamfanin ƙusar, girmanta da nau'in maɓallin. Mutane da dama suna dawowa daga Masar ko Indiya da dashe a baki ba tare da ko takarda ba, sai roba ta cinye a rasa irin wadda za a nema. Kai ma kada ka dasa abin da ba za ka iya samun kayan gyaransa cikin mako guda ba.

A dawo bayan mako ɗaya, sai wata ɗaya, sannan duk bayan wata shida. A kowace ziyara, ɗora yatsa ɗaya a kan madogarin gaba, ɗaya a kan ƙarshen gindi, ka danna bi da bi. Idan ka ji haƙorin yana lilo a kan ƙusar, ƙashin da ke kewaye ya zaizaye, gindin ya daina taɓa dasashi, ƙusar kaɗai ke ɗauke da komai. A ranar za a yi masa sabon shafi a ciki, a canza robar maɓalli, a ɗauki ƙaramin hoton ƙashi a kwatanta shi da na ranar da aka haɗa.